Lemuna yana zubar da 'ya'ya tun ba su nuna ba

Tambaya: Malam, ina da bishiyar lemun zaƙi a tsakar gidana, shekararta 6. Tana fure sosai, amma 'ya'yan sai su yi ta zubewa tun suna kore. Na zuba mata takin zamani, ba ta canja zani ba. Ina mafita? Daga wata Hajiya a Agege, Legas.

Amsa: Hajiya, fara duba girman waɗanda ke faɗuwa. In ƙanana ne, ba su wuce ƙwayar wake ba, kuma fure bai daɗe da kaɗewa ba, ki kwantar da hankalinki. Lemu yakan yi fure fiye da abin da zai iya riƙewa, cikin 100 da ƙyar 2 ke kaiwa ga nuna. Bishiyar ce ke rage wa kanta kaya.

In kuwa sun yi girma kafin su faɗo, ɗauki ɗaya ki duba ɓawon. Kin ga ɗan tabo kamar sukar allura, kewayensa ya yi rawaya ya yi laushi? Yanka shi, za ki tarar da fararen tsutsotsi. Aikin ƙudan 'ya'yan itace ke nan, shi ne dai mai lalata mangwaro da gwaba. Tsutsar takan fito daga lemun da ya faɗi ta shige ƙasa, ta sake fitowa ƙuda, don haka barinsa a gindin bishiya kiwon ƙudan ne. Kullum a tsince, a ƙulle a baƙar leda a bar ta a rana kwanaki, ko a binne a rami mai zurfi. Akwai tarko mai sinadarin methyl eugenol, sai dai maza kawai yake kamawa, ba zai ɗauke miki wannan tsintar ba.

Abin da na fi zargi a gidajen Legas shi ne ruwa. A Yuni da Yuli ruwa kan kwanta, ga tsakar gida an shafe da siminti, saiwar lemu kuwa ba ta jure zama cikin ruwa, ruɓewa take yi. Duba gindin. In ƙaro na tsatsowa, ɓawo na tsagewa, cutar ruɓewar saiwa da gindi ta kama. Ki sa a yi wa ruwan hanya, a janye ƙasa da sharar da aka tara a jikin kututturen, a kankare ɓawon da ya kamu, a shafa maganin cutar shuka mai sinadarin jan ƙarfe (copper). Ruwan wanki mai sabulu kuma a daina watsa mata, don Allah.

Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ƙishi ne ke zubar da su. A ba ta ruwa ya ratsa ƙasa sau ɗaya ko biyu a mako, ya fi yayyafin kullum.

Taki shi ne na ƙarshe, domin saiwar da ta ruɓe ba ta iya shansa. In ta farfaɗo, ki raba NPK 15-15-15 gida biyu, farkon damina da wajen Satumba, a zagaya shi daidai inda rassa suka ƙare, nesa da gindi. Yuriya kuma a yi hattara da ita, in ta yi yawa ganye za ki samu.