Tuƙa keke a hanya mai tudu da gangare kusa da gandun daji

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka tuƙa keke a titin kwalta mai hawa da sauka wanda ya bi ta gefen gandun namun daji ba tare da ka galabaita ba.

Babban abin da ke gajiyar da mutum a irin wannan hanya shi ne jinkirin sauya giya. Ka sassauta ta tun kana gindin tudu, kafin feda ta yi nauyi, domin idan ka bari sai sarƙa ta ɗaure, za ka ji tana ƙara, wani lokaci ma ta zame. Ka riƙa juya feda sau 80 zuwa 90 a minti ɗaya, sannan ka bar saurin da gangare ya ba ka ya ɗauke maka farkon tudun gaba. Wajen sauka kuwa, ka matse birkin gaba da na baya a hankali kafin ka shiga kwana.

Namun daji sun fi tsallaka titi da asuba da kuma dab da magariba, saboda haka ka rage gudu, ka kunna fitila, kuma idan dabba ɗaya ta gitta, ka ɗauka akwai wata a bayanta. Kada ka kauce wa hanyar da hukumar gandun ta amince da ita.