Tun da facalata ta yi mini gori zuciyata ta ƙi kwanciya

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Yesu Almasihu. Daga Zuru nake rubuto miki. Gida ɗaya muke zaune da facalata, matar wan mijina. Wata 2 ke nan, a taron Zumuntar Mata na cocinmu ana tara gudummawa, na ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, sai ta ce a gaban kowa wai ni hannun karɓa kawai gare ni. Aka yi dariya. Ban ce uffan ba.

Tun ranar maganar ta tsaya mini a ƙirji. Ina tuƙa tuwo ina ba ta amsa a zuci. In na kwanta sai juyi, ina shirya baƙar maganar da zan gaya mata har zakara ya yi cara. Makon jiya ɗana mai shekara 6 ya zubar da koko, na zabga masa mari har yatsuna suka kwanta a kumatunsa. Bai yi kuka ba, kallona kawai ya yi. Ranar Lahadi a coci aka ba da Jibin Ubangiji, wato abincin da ake ci don tunawa da mutuwar Yesu, na kasa miƙa hannu. Na yi azumi kwana 3, tunanin yana nan. Mama, ko Ruhu Mai Tsarki ya bar ni ne?

'Yarki daga Zuru

'Yata, da Ruhu ya bar ki, da kallon yaron nan bai dame ki haka ba. Ki kwantar da hankalinki.

An ci miki fuska a bainar jama'a, dole ki ji zafi. Inda kika cuci kanki shi ne shirun nan. Kin ɗauka haƙuri kike yi, alhali gyambo kika rufe da zane, ga shi ya fashe a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Ki buɗe Littafi Mai Tsarki, Nehemiya sura 5. Da Nehemiya ya ji manya suna cin ruwa a kan 'yan'uwansu, talakawa na jinginar da gonaki har da ba da 'ya'yansu bauta, ya yi fushi ƙwarai. Sai ya tsaya ya yi shawara da zuciyarsa, sannan ya fuskanci mutanen ido da ido. Wannan tsayawar ita ce kamunkai. Ke kin tsaya, amma wata 2 ba ki ƙarasa zuwa wajen mai laifin ba. Matiyu 18:15 ya ce ki same ta ku biyu kaɗai. Ba a bakin murhu yara na ji ba, ba kuma ta bakin mazajenku ba. Ki ce, "Yaya, maganar ranar nan ta ƙona mini rai." Harshe da haƙori ma suna saɓawa. In ta ƙi saurare, ki nemi Uwar Zumunta ta zauna da ku.

Amma kafin facala, yaron. Yau ɗin nan ki zaunar da shi a cinyarki ki ce ya yafe miki. Girmanki ba zai zube ba. Duk sanda kika ji hannunki na ƙaiƙayi, fita ki je bakin randa ki wanke fuska tukuna.

Tunanin dare kuwa, kokawa da shi ƙara masa ƙarfi take yi. In ya zo, tashi zaune ki gaya wa Ubangiji da bakinki abin da ke cin ki, ki karanta Zabura 4, wadda ta ƙare da kwanciya cikin salama. Galatiyawa 5:23 ta lissafa kamunkai cikin 'ya'yan Ruhu, kin kuwa san mangwaro ba ya nuna a kwana 3. Ki ci abinci, ki nemi barci. Da annabi Iliya ya gaji da ransa, abinci da ruwa mala'ika ya fara ba shi. In rashin barcin ya ci gaba, ki je asibiti.

Jibin Ubangiji kuma, manzo Bulus cewa ya yi mutum ya gwada kansa sannan ya ci. Ki gyara tsakaninki da yaron da kuma facalarki, in an kawo ki miƙa hannu. Ki rubuto mini yadda kuka yi da yayar taki, ina sa ku a addu'a.

Mamarki