Amsa ga Anti kan kiran 999: kakari ba numfashi ba ne

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Anti, na saurari saƙonki, kika ce maƙwabcinku ya faɗi kuka kira 999, lambar agajin gaggawa, maimakon su turo motar asibiti sai suka tsare ku da tambayoyi, kusan awa guda kafin su iso. Ni dai yadda na gane, so kike ki san wa suke fara zuwa wa, kuma da wane ma'auni.

To, a nan Ingila tun 2017 aka kasa kira gida huɗu. Na ɗaya shi ne wanda zuciyarsa ta tsaya ko numfashi ya ɗauke, ana so su iso cikin minti 7 a matsakaici, tara cikin goma kuma kada su wuce minti 15. Na biyu, ciwon zuciya mai kama ƙirji da shanyewar ɓarin jiki, minti 18, tara cikin goma minti 40. Na uku, tara cikin goma awa 2, na huɗu awa 3, wani ma nas ce za ta kira ku ta ba da shawara kawai. Ba wanda ya riga kira ake bi ba. Motar da ta taso dominku ma ana iya karkatar da ita a hanya in wanda ya fi ku matsuwa ya kira.

Tambayoyin nan kuwa ba su hana mota tashi, mai amsa waya daban, mai tura mota daban. Biyun farko su ne komai: yana numfashi? Yana cikin hayyacinsa? Kuma nan fa mutanenmu ke yin kuskure, wallahi abin yana damuna. Mutum ya zube, bai san inda yake ba, baki a buɗe, ya ja iska sau ɗaya da ƙara, shiru, shiru, can kuma ya sake ja kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Sai a ce wa mai waya e, yana numfashi. Anti, wannan kakari ne, alamar zuciya ta tsaya ce. Wani sai ya ce ai minshari yake. Wane irin minshari, mutumin da yanzun nan yake tsaye? Da wannan "e" ɗin kina iya sauko da shi daga gida na ɗaya. Ki faɗi abin da idonki ya gani: ba ya amsawa, numfashinsa ba daidai ba ne, jefi-jefi yake ja.

Daga nan za su ce a danna ƙirji. Ki buɗe sifikar wayar ki ajiye. A kwantar da shi rigingine, wuri mai tauri ya fi, don katifa lotsawa take. Tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya kan ɗaya, hannu a miƙe, a danna santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Ko kin ji haƙarƙari ya yi ƙas, kada ki tsaya. Duk mintin da ya wuce ba a yi komai ba, damar rayuwarsa na raguwa da kusan kashi 10 cikin ɗari. Ban da ɗura masa ruwa a baki, ban da tsayawa kiran dangi tukuna. A yi addu'a hannu na kan ƙirji, wani ya je ya buɗe ƙofa ya kunna fitilar waje.

Jinkirin da kika gani kuma, sau da yawa daga bakin asibiti ne. Minti 15 ya kamata a karɓi mara lafiya a hannun masu motar, amma in babu gado sai motoci su yi layi da mutane a ciki... to bar wannan, maganar wata rana ce.

In kuna jira jikin mara lafiya ya canja, ku sake kira nan take, za a sake duba gidan da aka sa shi. In kuwa baki ne ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, alamar shanyewar ɓarin jiki ke nan, ki duba agogo ki riƙe lokacin da ya fara, don allurar narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa cikin awa 4 da rabi aka fi yin ta, kuma sai sun tambaye ki ƙarfe nawa ne.