Yaren da zan ƙirƙira: waɗanne siffofi ne ba sa zama gida ɗaya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne daga wani ƙauye a gefen Malam Madori. Ina rubuta labari, na ƙirƙira wa mutanen ciki yarensu. Aikatau na sa a farkon jimla, kalmomin nuna wuri (irin su "a" da "cikin") kuma a bayan suna, na ƙara da karin sauti da baƙaƙe huɗu jere a gaɓa ɗaya. Wannan haɗi zai yiwu?

Amsa: Ɗana, tambayarka ta yi mini daɗi ƙwarai. Yiwuwa kam zai yiwu, amma ka haɗa abubuwan da ba kasafai suke zama tare ba.

Mu fara da jimla, don nan ne gizo ke saƙar. Masanin harsuna Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike cikin Maguzawan ƙasar Kano tun yana matashi, ya kwatanta harsuna 30 a 1963. Ya tarar harshen da ke fara jimla da aikatau yakan sa kalmar nuna wuri gaban suna. Ka tuna Larabcin da ka koya a makarantar allo: "fil baiti" (a cikin gida), "fi" ce ke gaba. Wanda kuma ke kai aikatau ƙarshe, galibi bayan suna yake sa ta. Ba sai ka je nesa ba. Ka tsaya wajen Mangawa, masu magana da Barbarci, ranar kasuwa ka kasa kunne: gida "fato" ne, zuwa gida "fatoro", aikatau kuwa sai can ƙarshen magana. Kai ka ɗauko kan Larabci ka ɗora a jikin Barbarci. Akwai masu saɓa wa tsarin, kamar Farisanci da ke kai aikatau ƙarshe amma kalmar wuri na gaba. Sai dai irin naka haɗin yana da ƙaranci ƙwarai.

Karin sauti kuwa ya fi yawa a harsunan da gaɓarsu ba ta da cunkoso. Da kari muke raba kukan yaro da kukar miya, kuma bakinmu ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu, shi ya sa muka ce "burodi" da "direba". Cunkoson baƙaƙe da kari suna haɗuwa a wasu harsuna, amma baƙaƙe huɗu sun yi wa mai karatunka nauyi. Ni dai da na rage su.

In ka yi sha'awar musanna, wato siffar nuna abu biyu irin "kitabani" (littattafai biyu) ta Larabci, to dole yaren ya mallaki jam'i tukuna.

Shawarata, ka fara tsayar da mazaunin aikatau, sauran su bi shi. In kuma ranka na kan wancan haɗin, ka ba shi dalili cikin labarin: ka ce ƙabilu biyu ne suka daɗe suna auratayya da cin kasuwa ɗaya har harsunansu suka gauraya. Ka aiko mini da jimla goma na yaren in duba maka.