Kafin ka ƙara saba ta biyu, ka kwashe ajiyar da ke kan ta farko

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce shafinka na kan saba guda ta EC2 (wato kwamfutar da ka yi haya a wajen Amazon don ta ɗauki shafin), yana durƙushewa idan jama'a sun taru, shi ya sa kake son ƙara ta biyu ka sa mai rarraba nauyi a gabansu don ya riƙa raba baƙi tsakaninsu, kuma kana tambaya ko ALB, mai rarrabawa na Amazon, za ka ɗauka ko Nginx, manhajar da za ka ɗora da kanka. Na yi aiki da duka biyun, kuma ba a wajen zaɓin nan gizo ke saƙa ba.

Na taɓa ɗora shafin rajistar ɗalibai na wata makaranta a kan saba biyu. Haɗa su bai ci min awa guda ba. Washegari waya ta ƙi yin shiru. Ɗalibi ya shiga da lambarsa, ya danna gaba, sai a ce ya sake shiga. Wani ya ɗora hoton fasfo, ya dawo babu hoton, ya sake buɗewa sai ga shi. Ashe bayanan shigarsa da hotonsa na kan faifan saba ta ɗaya ne, mai rarrabawa kuwa bi da bi yake turawa, to duk lokacin da yaro ya faɗa kan ta biyu sai ta ɗauke shi baƙo.

Cikin gaggawa na sa ip_hash a Nginx, tsarin da ke raba baƙi bisa adireshinsu na intanet (IP), don kowa ya manne wa saba guda. Kar ka bi wannan hanyar. Mafi yawan ɗaliban da datar waya suke shigowa, kamfanonin layi kuma sukan fitar da mutane da yawa ta adireshi ɗaya, ga shi ip_hash sassa uku na farkon adireshin kawai yake dubawa. Sai saba ɗaya ta cika maƙil, ɗayar na zaune.

Abin da ya kawo ƙarshen matsalar: bayanan shiga suka koma Redis (ma'ajiyar bayanai mai sauri da sabobin biyu ke amfani da ita tare), hotuna suka koma S3 (ma'ajiyar fayiloli ta Amazon), rumbun bayanai ya samu tasa na'urar daban. Ka kuma tuna da ayyukan cron, wato ayyukan da saba ke yi da kanta a lokutan da aka tsara mata. Namu na tura saƙon tes ne, da sabobin suka zama biyu sai iyaye suka riƙa samun saƙo sau biyu, kuɗin kuma na tafiya. Ka bar ayyukan cron ɗin a saba guda.

Wajen duba lafiyar saba, ka ware wani ɗan shafi mara nauyi, kar ka nuna wa mai rarrabawa shafin farko. ALB na leƙawa duk daƙiƙa 30 idan ba ka canza ba. Sannan ka koya wa manhajarka karanta X-Forwarded-For, wato layin da mai rarrabawa ke rubuta adireshin baƙo na asali a ciki, in ba haka ba adireshin mai rarrabawa za ka riƙa gani a madadin na kowane baƙo.

Game da zaɓi kuwa, ni ALB zan ba ka shawara idan aljihu zai ɗauka, domin ana biyansa ne duk awa ko da ba kowa a shafin. Nginx a kan na'ura guda ya fi araha, amma ranar da ta faɗi sabobinka biyu lafiyarsu ƙalau ba mai isa gare su. ALB kuwa dole sai ka ba shi yankuna biyu (Availability Zones, wato cibiyoyin na'urorin Amazon daban-daban), to ka raba sabobin a cikinsu.

Idan ka gama, ka sa wani ya fara cike fom, kai kuma ka kashe saba ɗaya da gangan. Ka dawo ka faɗa mana abin da ya gani, da harshen da ka rubuta manhajar, sai in nuna maka yadda za ka haɗa ta da Redis.