Ina zan riƙa ajiye rubutuna kan kiwon tantabara?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana Tudun Wada, kana kiwon tantabara, kana so ka riƙa rubuta abin da ka sani da hotuna, wai tsakanin Blogger da WordPress, dandalin buɗe shafin rubutu a intanet, wanne za ka zaɓa. Ni dai gaskiya Blogger zan ce ka fara da shi. Na Google ne tun 2003, kyauta ne, in kana da Gmail shi ke nan, a wayarka ma za ka buɗe, adireshinka ya ƙare da blogspot.com, kuma ba ya cin data sosai, wanda wannan ba ƙaramin abu ba ne a yadda kuɗin data ya koma yanzu.

WordPress iri biyu ne fa, nan mutane ke ruɗewa. Akwai WordPress.com mai tsarin kyauta amma su za su riƙa sa tallarsu a shafinka, sai kuma ɗayan da kai za ka biya kuɗin hostin (wato hayar wurin ajiye shafin a intanet) da sunan shafi duk shekara, ka riƙa yin ofdet da kanka, in ka manta ba ka biya ba shafin ya sauka. Don sha'awa kawai wallahi wahala ce.

Kada ka bar komai a Facebook kaɗai, rubutu yana nutsewa, bayan wata shida ko kai sai ka sha wahalar nemo shi. Rubuta a Blogger ɗin, ka turo link ɗin guruf ɗin masu tantabara na Kaduna. Sannan ka sa kibod ɗin Hausa na Gboard saboda ƙ da ɗ da ɓ, hotunan kuma ka rage masu nauyi kafin ka ɗora.