Fitsarin kyanwa a kan kafet da kujera: an wanke, wari ya ƙi fita

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, muna kiwon kyanwa saboda ɓeraye, domin maigidana yana ajiye buhunan wake a gida. Takan yi fitsari a kan kafet ɗin falo da kujerar kushin. Na wanke da omo, na zuba Dettol, na yi turaren wuta, amma da damina ta sauka warin ya dawo. Ga kaji da akuya kuma suna ɓata simintin baranda. Uwar mijina ta ce kyanwa ai mai tsarki ce, babu komai. Zan iya sallah a wurin? Daga wata baiwar Allah, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, maganar surukarki tana da tushe. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ruwan alwalarsa ta sha, sannan ya faɗi cewa Annabi (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Sai dai wannan ya shafi jikinta da yawunta da sauran abin da ta sha. Fitsari da kashi, a mazhabar Malikiyya, suna bin hukuncin naman dabbar ne. Kyanwa makaruhi ce a ci a wajen Malikiyya, haramun a wajen jumhur, wato mafi yawan malamai, don haka fitsarinta najasa ne.

Na akuya kuwa mai tsarki ne, domin Annabi (SAW) ya yi sallah a garken tumaki, ko da yake Shafi'iyya suna ganin najasa ne. Ki share shi don tsafta kawai. Kaza ma haka, sai fa irin wadda ke yini a bakin kwata tana tsattsagar ƙazanta, wannan kashinta najasa ne.

Inda ƙoƙarinki ya rage kaɗan shi ne wajen ruwa. Hukuncin najasa ba ya ɗagawa sai da ruwa zalla, wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai canza ba. Ruwan omo da Dettol suna gusar da ainihin ƙazantar, amma dole a bi bayansu da ɗauraya har ruwan ya riƙa fita garau. Turaren wuta kuwa ba ya tsarkake komai, hanci kawai yake lallashi. A kan siminti ko tayil abin mai sauƙi ne: ki tsane fitsarin, ki kwara ruwa mai rinjaye, kamar yadda aka kwara guga guda a kan fitsarin balaraben ƙauyen nan a masallacin Madina.

Kafet da soso su ne masu wahala. Kada ki dirje wurin tun yana jiƙe, sai ya ƙara bazuwa. Ki danna tsumma busasshe ya tsotse, ki zuba ruwan sanyi, ki sake dannawa, ki yi ta maimaitawa. Kushin da ake zare rigarsa, ki fitar da soson tsakar gida, ki wanke, ki matse, ki bar shi a rana har cikinsa ya bushe. Ruwan khal (wato binega) da aka sirka yana rage zarnin, bekin soda da aka barbaɗa ya kwana a wurin ma yana taimakawa. Amma kada ki zuba Hypo a kan fitsarin, kada kuma ki haɗa shi da khal, hayaƙin da suke tayarwa yana cutar da huhu.

Dawowar warin da damina kada ya jefa ki cikin waswasi. Fitsarin kyanwa yana barin wani gishiri-gishiri da ke maƙale wa zare, in iska ta yi laima sai ya tashi. Shaihu Halil ya bayyana a Muhtasar cewa launi da warin da suka yi wuyar gushewa bayan wanki an yi rangwame a kansu. Idan kin wanke iya ƙoƙari kin ɗauraye, wurin ya tsarkaka ko da hanci yana jin saura.

In kin san ta yi amma wurin ya ɓace miki, sai a wanke duk inda ake tuhuma. In shakka kike ko ya taɓa wurin, yayyafa ruwa ya wadatar, kamar yadda yake a Ahalari. Najasa a gefe guda na kafet ba ta hana sallah a gefen da yake da tsarki, kuma za ki iya shimfiɗa darduma mai kauri a kan busasshen wurin ki yi sallarki. Sallolin da kika yi a baya cikin rashin sani, waɗanda lokacinsu ya fita, babu ramuwa.

Ita kuma kyanwar kada a huce a kanta da duka ko kulle ta da yunwa, hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa sananne ne. Ki ajiye mata tsohon baho da yashi a bayan ɗaki, ki riƙa sauya yashin, ki kuma riƙa jan ƙofar falo da dare.

Wallahu a'alam.